Kwalba mai leda ko kwalbar wanki: yadda za ki zaɓa wa jaririnki a Damagaram

Ranar sunan autana, ƙanwar maigidana da ke aure a Amurka ta aiko mana da kayan barka ta hannun wani ɗan kasuwa da ya biyo ta Kano. A cikin kayan akwai wata kwalbar shayarwa da ba ta da gindi. Surukata ta ɗaga ta, ta leƙa ta ƙasa, ta hango fuskata ta ɗaya ɓangaren, ta ce, "Wannan kuma mantawa suka yi ba su ƙarasa ta ba?" Sai da muka buɗe kwalaye biyu da ke tare da ita muka gane: ledoji ne farare, kowace mai siffar kofi da ɗan baki mai tauri, ɗari-ɗari a kwali. Ana jefa leda a cikin kwalbar, a zuba nono a ledar, jariri ya sha, a yar da ledar. An ce babu wanki.

Na yi amfani da ita wata biyu da 'yan kwanaki, na yi amfani da bibiro, wato kwalbar shayarwa ta wanki, irin wanda kowa ya sani a 'ya'yana biyu na farko, sannan na koma masa a na ukun. Yanzu da irin waɗannan kaya suka fara yawo a WhatsApp wajen mata masu saro kaya daga waje, ana yawan tambayata wacce ta fi. Ga yadda nake ba da shawara a bi abin, mataki-mataki.

Mataki na farko: me za a zuba a ciki, kuma dole ne sai kwalba?

Kada ki fara da kwalba, ki fara da wannan tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da UNICEF sun tsaya a kan nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan mun riga mun san ta a Suratul Baƙara, aya ta 233. In kina gida tare da jaririnki kuma nono na zuwa, ba ki da buƙatar ko ɗaya daga cikin kwalaben nan, ki ajiye kuɗinki.

Masu buƙata su ne irina. Hutun haihuwa a Nijar mako 14 ne, kuma wani ɓangare nasa tun kafin haihuwa ake cinye shi. Ka koma ofis yaro bai cika wata uku ba. Akwai ɗalibai da ke tafiya jami'a tun safe, akwai wadda aka yi wa aiki tana kwance, akwai masu 'yan biyu, akwai kakar da aka bar wa maraya. Ga waɗannan tambayar ta rabu biyu: nonon uwa da aka tatsa za a zuba, ko madarar jarirai ta gwangwani? Ki riƙe amsarki, domin nan gaba ita ce za ta raba gardamar.

Akwai kuma hanya ta uku da ungozomomi ke koyarwa, mutane na raina ta: ƙaramin kofi. Ana zaunar da jariri a cinya, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nono ya taɓa leɓen, shi da kansa zai riƙa lasa yana kurɓa. Ba a ɗura masa. Kofi ba shi da lungun da nono zai maƙale, sabulu da ruwan zafi sun ishe shi. Inda ruwa da makamashi suka yi wuya sosai, kofi ya fi kowace kwalba aminci, kuma shi hukumomin lafiya suka fi so a irin wannan hali. In mai renonki tana da haƙuri, ki sa ungozoma ta nuna mata a asibitin unguwa.

Mataki na biyu: ki san yadda kowace take aiki

Bibiro na yau da kullum ba ya buƙatar dogon bayani: kwalba ta gilashi ko ta roba, da kan robar da yaro ke tsotsa wanda muke ce wa tetin, da zoben da ke ɗaure shi, da murfi. 'Yan Kano su ce fida.

Mai leda kuwa tsohuwar dabara ce a Amurka, kamfanin Playtex ne ya yi suna da ita tun shekarun 1960. Abin da ke kama da kwalba bututu ne kawai na riƙewa. Ledar tana zuwa a tsarkake daga masana'anta, girma biyu aka fi gani: ƙarama mai ɗaukar kusan ml 120 da babba mai kusan ml 240. Yayin da yaro ke sha, ledar na motsewa tana bin nonon, saboda haka iska ba ta buƙatar shiga don cike gurbi. Kafin a ba shi ma ana tura yatsa ta ƙasa a matse ledar har nono ya leƙo a kan tetin, iskar ta fita. Dabarar tana da kyau, ba na musun wannan. Abin da ake ɓoye miki shi ne abin da ke biye.

Mataki na uku: ki ƙirga wankin da gaskiya

Nan ne zan daɗe, domin nan aka fi yaudarar mutane. "Babu wanki" ba gaskiya ba ne. A bibiro abu huɗu ake wankewa a dafa: kwalba, tetin, zobe, murfi. A mai leda an ɗauke miki kwalba kaɗai. Tetin, wanda shi ne ya fi kowane tara datti saboda lungunansa, yana nan. Zobe yana nan, murfi yana nan, kuma bututun ma sai an wanke shi da sabulu tunda hannu ke riƙe shi. Tukunyar dafawa ba ta sauka daga kan murhu ba, ta dai ƙanƙance.

In madarar gari za ki bayar, sai ma abin ya ƙara ɗaurewa. Garin madarar jarirai ba tsarkakakke ba ne ko da gwangwanin bai taɓa buɗuwa ba. Ƙwayoyin cuta irin su Cronobacter da Salmonella kan iya kasancewa a ciki. Shi ya sa ƙa'idar da OMS ta fitar a 2007 ta ce a dama garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Wato ki tafasa ruwa kamar lita ɗaya, ki bar shi ya ɗan huce, kada ya wuce minti 30, sannan ki dama. To, ruwa mai irin wannan zafi ba na zubawa a siririyar leda ba ne. Ga kuma matsalar awo: layukan da ke jikin bututun kintace ne, tunda leda ba ta tsayuwa daidai kamar bangon kwalba. Dole ki dama a wani mazubi dabam mai awo, wanda aka dafa, ki sanyaya, sannan ki juye a leda. Kin ga kenan kin rabu da wankin kwalba kin samu wankin mazubi. An sayar da biri an sayi kare, tsugune ba ta ƙare ba.

In kuwa nononki kike tatsa, lissafin ya sauya. Kofin tatsa dama za ki wanke shi ko wace kwalba kika zaɓa, kuma nonon ba ya buƙatar ruwan zafi. A nan ledar tana rage aiki na gaske. Ni abin da ya sa ta yi mini daɗi ke nan da farko.

Yanzu ki dubi gidanki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma duk wanda ya yi bazara a Garin Malam ko Karkada ya san tashin dare don tarar ruwa, ya san jiran 'yan ga-ruwa. A nawa gwajin, wanke kwalabe shida da ɗauraye su da dafa su sau ɗaya a yini yana cin lita biyar zuwa shida, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bido mai lita 25. Kuma ruwan tukunyar ba ya ɓacewa, da shi nake wanke kwanuka in ya huce. Da mai leda ina kashe kamar rabin wannan. Ribar tana nan, amma lita uku ce, ba randa ba. Haka makamashi: tafasa babbar tukunya minti goma ya fi cin gas ko gawayi a kan ƙarama, sai dai bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Mataki na huɗu: kuɗi, da kuma inda za ki samu gobe

Ki ɗauki biro. Jariri sabon haihuwa da kwalba kaɗai yake sha yana sha kamar sau takwas a yini. Leda takwas ke nan a yini, 240 a wata. Kwali mai ɗari ba zai kai mako biyu ba. In sau uku ne kawai lokacin da kike wurin aiki, 90 a wata, kusan kwali ɗaya. Ki tambayi mai sayarwa jika nawa ne kwali har ya iso Damagaram, ki ninka da adadin watannin da kike nufi, ki ajiye kusa da kuɗin bibiro shida da buroshi da sabulu. Bibiro sau ɗaya ake saye, sai canjin tetin. Leda kuwa kamar haya ce, kowane wata sai ta zo karɓa.

Mai ba da madarar gwangwani zalla ta tuna cewa a wata shida na farko jariri na cinye kusan kilo 20 na gari, gwangwani 50 ke nan masu giram 400. In kuɗin leda zai sa wata rana ki rage cokalin madara don gwangwani ya kai ƙarshen wata, ki manta da leda tun yanzu. Madarar da aka tsinka da ruwa ita ce hanyar tamowa.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne samuwa. Bibiro da tetin ɗinsa kina samu a farmasi, kina samu a Kasuwar Dole. Ledar nan da tetin ɗinta na musamman, wanda ba ya hawa kan wata kwalba, sai an kawo daga nesa. Ni na koyi wannan da zafi. Na koma aiki farkon Yulin 2023. Ranar 26 ga watan aka yi juyin mulki, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ledojina ɗari biyu suka ƙare cikin Satumba, wanda zai kawo wasu ya maƙale a can.

Ban ma san sun kusa ƙarewa ba. Wata ranar Talata na dawo da azahar, na tarar da ledoji uku an kife su a kan tsinken tsintsiya a bakin taga suna shan iska, ƙuda na zagaye. Yarinyar da ke yi mini reno, don tausayina, ta fara wanke su tana maimaitawa kusan mako guda. Na ɗauki ɗaya na shinshina, tsami-tsami. Na ɗaga ta ga haske, ga wani farin maiƙo kwance a lungun gindinta inda yatsa ba ya kaiwa. Ta ce, "Anti, da omo na wanke, har sau biyu." Ban yi mata faɗa ba, laifina ne da ban gaya mata ba. Kwana biyu bayan nan yaron ya fara zawo, muka kwana muna safa da marwa tsakanin gida da asibiti.

Ki rubuta wannan ki manna a bango: ledar nan sau ɗaya ce. Ba a wanke ta, ba a dafa ta. Kuma mu da ko gwangwanin tumatir ba ma yarwa sai mun yi masa aiki na biyu, ki sani hannun duk wanda kika bar wa yaro zai yi ƙaiƙayin wanke ta. In kin zaɓi mai leda, kada ki fara sai kina da na wata biyu a ƙasa, da bibiro biyu a ajiye wanda yaron ya riga ya saba da tetin ɗinsu.

Mataki na biyar: hannun wa zai bayar?

Wannan gajere ne. In ke ce ko wata babba mai natsuwa, kowace kwalba ta yi. In yarinya ce ƙarama ko tsohuwa mai raunin ido, ki duba wanne kuskure ne ya fi kusa da ita. Kuskuren bibiro shi ne wanki na sama-sama. Kuskuren mai leda shi ne sa yatsa a cikin ledar wajen buɗe ta, ko rashin zaunar da bakinta daidai har nono ya kwarare ta ƙasa, ko maimaitawa. Mafita mafi sauƙi da na samu: in dafa komai da kaina da asuba, in harhaɗa kwalabe a rufe, mai reno ba ta wanke komai, ɗauraya kawai take yi ta ajiye mini.

Mataki na shida: batun iska da kukan yamma

Babban abin da ake tallata mai leda da shi shi ne rage haɗiyar iska. Gaskiya ne iskar na raguwa in an matse ledar yadda ya kamata. Amma yawancin kukan yamma da jarirai ke yi, su miƙe ƙafa su takure, yana tafiya da kansa wajen wata uku zuwa huɗu ko da wace kwalba. Kafin ki kashe kuɗi, ki gyara riƙo: ki ɗaga kan yaro ya ɗan zauna, ki karkata bibiro har tetin ya cika da nono, ki tsaya a tsakiya ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Kada a jingina kwalba da matashi a bar shi shi kaɗai, yana iya shaƙewa. Akwai bibiro masu ɗan bututun fitar da iska a ciki; suna aiki, sai dai sun ƙara miki ƙananan abubuwa biyu na wanki, wanda ɗaya sai da siririn buroshi.

Mataki na bakwai: abin da za ki duba wajen saye

In bibiro ne, ki nemi mai faɗin baki, wanda buroshi zai shiga ya juya kuma idonki zai ga gindinsa. Ki guji masu siffar dabba ko masu lanƙwasa, kyau ne kawai, lungunansu ba sa wankuwa. Layukan awo su fito sarai da ml.

Gilashi yana jure dafuwa shekara da shekaru, ba ya riƙe wari, amma yana da nauyi kuma simintin tsakar gida ba ya yi masa afuwa. In roba ce, ki juya gindin: ki nemi lamba 5 ko haruffan PP, ki bar mai lamba 7 da PC. Irin wannan ta biyun ce ke ɗauke da sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana a kwalaben jarirai a 2011, Amurka ta bi a 2012. Tsofaffin kaya da gwanjo ba su san da wannan doka ba, don haka kwalbar gwanjo ko ta gado da ta yi hazo ko ta kakkarce, a bar ta. Ko robar PP ɗin ma, wani bincike da aka yi a jami'ar Trinity ta Dublin a 2020 ya nuna tana sakin ƙananan ɓurɓushin roba in an zuba ruwa mai zafi sosai aka girgiza. Wannan ya ƙara mini son gilashi a gida. In roba gare ki, ki dama madarar a kofin gilashi ko na ƙarfe da aka dafa, ta huce, sannan ki juye.

Tetin iri biyu ne: fari garai na silikon, da mai ruwan zuma na danƙo. Na danƙo ya fi taushi amma zafin garinmu na saurin lalata shi, ya yi danƙo-danƙo ya kumbura. Ki ja shi da yatsa kafin kowane amfani; in ya tsage ko ya yi yauƙi, ki yar. Ko bai nuna komai ba ina canzawa duk wata biyu zuwa uku. Ki kifa kwalba ki gani: nono ya riƙa ɗiga ɗis-ɗis, ba ya tsiyaya ba. Kuma don Allah a daina faɗaɗa ramin da allura mai zafi don a ɗura koko. Koko na cokali ne, bayan wata shida.

In mai leda ce, ki tabbata kwalin a rufe yake, bai sha rana a shago ba, kuma girman ledar ya yi daidai da bututun. Ki lura da awon jikinsa: kayan Amurka da oz suke ƙirga, oz ɗaya kusan ml 30 ne. Wani tarko kuma yana jikin gwangwanin madara: yawancin waɗanda ke zuwa mana ta Faransa cokali ɗaya ne ga ml 30 na ruwa, na Amurka da yawa cokali ɗaya ne ga ml 60. Ki karanta gwangwanin da ke hannunki, ki yi amfani da cokalin da ya zo a cikinsa, ba na wani gwangwani ba. Madarar shayi, ta gari ko ta ruwa, da nonon shanu ba abincin jariri ɗan ƙasa da shekara ba ne.

Mataki na takwas: aikin kullum

Ga yadda yinin bibiro yake a gidana. Da yaro ya gama sha, a zubar da ragowar, a ɗauraye nan take kafin nono ya bushe. Da dare ko da asuba in wanke hannu da sabulu, in warware komai ɗaya-ɗaya, in wanke a roba ta musamman da ba a wanke komai a cikinta sai kayan yaro. Buroshi ya shiga kwalba, tetin a juya cikinsa waje a goge, a matsa ruwa ya fita ta ramin. A ɗauraye da ruwa mai tsabta. Sannan a nutsar da su duka a tukunya, a tabbata babu kumfar iska da ta maƙale a cikin kwalba, a rufe, a bari ya tafasa minti goma. In an sauke, a bar murfin a rufe. In za a ciro, da hannu wankakke, a kama tetin ta gefensa, a harhaɗa kwalbar gaba ɗaya a sa mata murfi. Kada a goge da tsumma. Lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, ina jera su a cikin wata tukunya mai murfi. Abin da ya kwana ya wuni ba a yi amfani da shi ba, a sake dafawa.

Na mai leda: tetin, zobe da murfi su bi wannan hanyar daidai. Sai a wanke hannu, a ciro leda ɗaya ta bakinta ba tare da taɓa ciki ba, a jefa a bututu har bakin ya zauna a kan da'irar, a zuba nono, a ɗaura zobe, a tura daga ƙasa a fitar da iska. In za a ɗumama, a tsoma a kofin ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. A ɗiga a bayan hannu a ji.

Haɗa madara kuwa, ruwa ake fara aunawa, sannan gari, a share kan cokalin ya yi daidai, kada a danna. Ruwan leda na saye ma sai an tafasa shi. Bayan an dama, a tsoma gindin mazubin a ruwan randa har ya huce. Don dare, ki cika tarmus da ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu ki rufe. Cikakken tarmus mai kyau yana riƙe zafin da ake buƙata na sa'o'i, sai ki dama sabo duk lokacin da yaro ya tashi.

Lokaci shi ne abin da babu kwalbar da za ta cece ki daga gare shi. Madarar da aka dama ba ta wuce awa biyu a waje, wadda yaro ya fara sha kuma awa ɗaya. Nonon da aka tatsa an ce yana kai awa huɗu, amma wannan a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba ne. A watan Afrilu da Mayu da muke haura 40, ki rage sosai, ki ajiye kofin a rufe cikin kwano mai ruwan sanyi a gindin randa, a ba shi da wuri. Firigo yana riƙe nonon uwa har kwana huɗu, damammiyar madara awa 24, in wuta ta tsaya. In an ɗauke ta tun safe kin dawo kin tarar ciki ya yi ɗumi, zubarwa za ki yi, ko da zuciyarki na ciwo.

Sharar ledar ma aiki ce. A ɗaure ta a jefa inda yara masu rarrafe ba za su kai ba, domin suna iya cusa ta a baki su shaƙe. Akuyar maƙwabta kuma ƙamshin nono zai ja ta, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta ya ga abin da ake cirowa daga tumbin awakin garin nan. Leda 240 a wata daga gida ɗaya ba ƙaramin ƙari ba ne a kan baƙar ledar da ta riga ta rataye a kowace ƙaya.

Mataki na tara: ki yanke, sannan ki gwada mako guda

Ga hukuncina. Mai ba da madarar gwangwani kullum, bibiro mai faɗin baki ne nata, shida in da hali, gilashi in zai samu. Mai tatsa wadda ke barin yaro na 'yan sa'o'i, kuma tana da wanda ke aiko mata da leda ba yankewa, mai leda za ta yi mata daɗi, muddin akwai bibiro a ajiye. Wadda ruwa da gawayi suka yi wa wuya ƙwarai, kofi. Inda na ga mai leda ta yi rana ba gardama shi ne hanya: tafiyar Yamai da ake wuni a mota, ko zaman jinya, ko biki a ƙauye. Ki dafa tetin huɗu ko biyar da zobbansu a gida, ki zuba a mazubi mai murfi, ki ɗauki ledoji, kin huta da neman wurin wanki a tasha.

Kada ki saya da yawa tashin farko. Ɗaya ko biyu, ki gwada kwana bakwai, tun kafin ranar komawa aiki, kuma in kina shayarwa ki bari nono ya kankama, kamar mako huɗu zuwa shida, kafin ki gabatar da tetin. Wani ya ba shi, ba ke ba; in yana jin ƙamshinki zai ƙi. A makon nan ki lura: yana jiƙa ƙyalle sau shida ko fiye a yini? Yana sha cikin natsuwa ko yana ƙwarewa? Nono na zuba ta gefen baki? Ki kai shi awo a ga nauyi na hawa.

In zawo ya zo, ko amai mai yawa, ko zazzaɓi, ko ya ƙi sha, ko kika ga maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, fitsari ya ragu, jaririn da bai kai wata shida ba ba a yi masa jiƙe-jiƙe a gida. Ki ci gaba da ba shi nono a hanya, ki hau kabu-kabu zuwa asibiti mafi kusa, ki tafi da kwalbar da gwangwanin a jaka don ma'aikaciyar ta ga yadda ake haɗawa.